Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in amsa wata tambaya wadda na ga amsarta za ta amfani mutane da yawa. Wani malami ne, mai aikin duba makarantu, aka yi masa canji daga ƙasar Haɗeja zuwa yammacin Jihar Jigawa, inda zai riƙa zagaya Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura. Ya rubuto yana cewa shi tun da aka haife shi bai taɓa zama a ƙasar duwatsu ba, ga shi kuwa yana da mata da 'ya'ya huɗu, a cikin garuruwan nan wanne ya kamata ya sauke iyalinsa? Ya ƙara da cewa an gaya masa duwatsun suna da ban sha'awa, iskarsu kuma da daɗi, har ransa ya fara biyawa ya nemi gida a gindin dutse.

To, Malam, ni akawu ne, aikina lissafi, saboda haka da lissafi zan amsa maka. Abin da zan faɗa a taƙaice shi ne, a ƙasar duwatsu ba a zaɓen gari da ido, kuma ba a zaɓensa don girman sunansa. Rijiyarsa ake tambaya a watan Afrilu, hanyarsa kuma a watan Agusta. Garin da ya ci waɗannan jarrabawa biyu shi ne gari.

Da fari ya kamata a san garuruwan nan huɗu ba ɗaya suke ba. Kazaure da Roni da Gwiwa, tare da 'Yankwashi, su ne ƙasar Sarkin Kazaure, nan ne kuwa duwatsu da tuddai suke. Roni tana yamma da Kazaure, Gwiwa tana arewa maso yamma, dukansu biyu sun yi iyaka da Jihar Katsina. Ɓaɓura kuwa tana can gabas, cikin ƙasar Sarkin Ringim, ita shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai rairayi, watau irin jigawar nan da aka sa wa jihar suna da ita a 1991. Wanda ya fito daga Haɗeja, in ya sauka Ɓaɓura ba zai ji ya yi baƙunta ƙwarai ba. In ya sauka Roni kuwa, lalle zai san ya bar gida.

Me ya sa mutanen dā suka zaɓi zama tsakanin duwatsun nan? Don tsaro ne. Ɗan Tunku ya kafa sarautar ƙasar a 1819, ya yi ta fama da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, bayansa kuma ɗansa Dambo, wanda ya hau a 1824, ya mai da Kazaure gidan sarauta. A wannan zamani dutse ganuwa ne wadda ba a biya magini ba, ga wurin hango mahara tun suna nesa. Masu ba da labarin dā ma suna cewa wani maharbi ne ya ga wurin a kewaye, ya ce kamar zaure, daga nan sunan ya samu. Dalilinsu mai kyau ne a zamaninsu. Amma wanda zai ƙaura yau ba dawakin mahara yake gudu ba. Abin da zai dame shi tulu ne da taya, saboda haka kada ya ari dalilin kakanni ya yi lissafin yau da shi.

Bari mu ɗauki maganar ruwa, don ita ce uwa. A ƙasar rairayi ruwa yana kwance ne a ƙarƙashi kamar shimfiɗa, in maƙwabcinka ya haƙa ya samu, kai ma galibi za ka samu a kusan zurfin nan. A ƙasar dutse ba haka abin yake ba. Ƙarƙashin ƙasar fā ne, ruwa ba ya shiga jikinsa, sai dai ya taru inda dutsen ya ruɓe, ko kuwa inda ya tsage. Shi ya sa za ka ga gida biyu katanga ɗaya ta raba su, wannan rijiyarsa tana ba da ruwa har bazara, wancan kuwa ya haƙa gaba goma ya ci karo da fā, kuɗinsa sun tafi a banza. Ko rijiyar burtsatse ma haka take, in ba a dace da tsagar ba sai inji ya yi ta ƙugi ya fito da gari. Don haka tambayar da za a yi ba "akwai ruwa a garin nan?" ba ce. A tambaya, "a unguwar nan, a gidan nan, daga ina ake shan ruwa in zafi ya tsananta?" Kuma kada a tambayi mai gidan haya, don shi neman mai shiga yake yi. A tambayi 'yan garuwa, a ji nawa suke sayad da jarka da kaka, nawa kuma da bazara. Bambancin kuɗin nan biyu shi ne gaskiyar unguwar.

Wannan magana ba ƙarama ba ce, jama'a, domin maigida ya kan hau babur ya tafi aiki da sassafe, wahalar kuwa a kan wa take sauka? A kan uwargida da yara. Yaron da ya yi sawu uku zuwa rijiya kafin rana ta fito, da wane ƙarfi zai saurari malami a aji? Abin kunya ne mai duba makarantu ya zama 'ya'yansa su ne masu makara.

Ta wajen ruwa Kazaure ta yi sa'a, don tana da madatsar ruwa a jikin gari, wadda ake kira Dam ɗin Ayuba, ga kuma ruwan Gari da ake noman rani da shi a wannan yanki. Amma ruwan da ke kwance yana da nasa haraji. Inda ya kwanta sauro ya kan yi yawa, sauro kuwa shi ke kawo zazzaɓi. Yaran da ke wanka a ciki kuma su kan kamu da tsargiya, wadda ƙwayarta ke girma a jikin ƙananan dodon koɗi na bakin ruwa, ta huda fatar mai wanka ta shiga. Wanda ya ce shi a bakin dam zai zauna don ya sha iska, to, ya tanadi gidan sauro, ya kuma ja wa yaransa kunne.

Sai maganar hanya. Damina a nan daga Yuni ne zuwa Satumba, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta. A ƙasar rairayi in an yi ruwa ƙasa ta kan shanye. A kan dutse kuwa ba inda zai shiga, sai ya gangaro gaba ɗaya da gudu, rafin da ka tsallaka da takalmi da safe ka dawo da la'asar ka tarar ya kawo iya wuya. Ba ya daɗewa ya kan janye, amma kafin ya janye ya ci gefen hanya, ya bar kwazazzabo. Mai lafiya ya iya zama a gindin itace ya jira. Mace mai naƙuda fa, ko yaro mai suma da tsakad dare? Saboda haka ba tsawon hanya kaɗai ake aunawa ba. A ƙirga rafi nawa ne tsakanin ƙofar gidanka da kwalta, nawa ne ke da gada, nawa ne babu. Mil biyar mai rafi biyu marasa gada ya fi mil ashirin na kwalta nisa.

In an sami unguwa, saura mazaunin gidan kansa. Kada a yi sha'awar manne wa dutse. Dutse ya kan sha rana yini guda, da dare ya riƙa amayad da zafin, har ɗakin da ke jikinsa ya zama kamar tanda a watan Afrilu da Mayu. Kogunansa kuma gidan macizai ne da kunamu. Kada kuma a sauka can ƙasan kwari, don nan ruwan tudu ke taruwa, ginin ƙasa kuwa ba ya jimre wa jiƙa. A nemi tsaka-tsaki, inda ƙasa ta ɗan gangara a hankali. A duba gindin katangun maƙwabta, in an ga zanen da ruwa ya bari, an sami shaidar da ba ta ƙarya. Wani abu kuma na zamani, a tsaya a tsakar gidan a buga waya, domin akwai lungun da tudu ke tare sabis, ma'aikacin da ba a samunsa a waya kuwa bai daɗe ba zai sha tambaya daga ofis.

Yanzu bari in jera garuruwan, in faɗi abin da kowanne ke bayarwa da abin da yake karɓa.

Kazaure tana kan babbar hanyar Kano zuwa Daura, wajen mil 50 daga Kano, mota ba ta yankewa. Nan fadar Sarki take, da babban asibiti, da kasuwa, da babbar makarantar koyon sana'a ta Gwamnatin Tarayya mai sunan marigayi Sarki Husaini Adamu. Amma wannan makaranta da ta raya garin ita ce kuma ta sa ɗaki ya yi daraja, don malamai da ɗalibai duk haya suke nema. Mai ƙaramin albashi zai ji a jikinsa. An kuma aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, wadda aka shata ta bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina. Wannan abin murna ne, amma kada dillalin fili ya sayar maka da kukan jirgi. Ka biya kuɗin abin da idonka ya gani.

Roni da Gwiwa ƙananan garuruwa ne, kowanne da sakatariyar ƙaramar hukumarsa da hakiminsa. A irinsu haya da sauƙi, hatsi da itace da sauƙi, baƙo kuma ba ya ɓacewa cikin taro, in ya riƙe mutuncinsa kowa ya san shi. Mai sha'awar ɗan noma da kiwon awaki zai ji daɗinsu. Amma duk abin da ya fi ƙarfin garin, Kazaure za a nufa, kuɗin mota kuwa in aka tara na wata sai ka ga sun cinye rangwamen hayar. A nan ne kuma ya wajaba a tsananta binciken rijiya da rafi, unguwa unguwa, don ƙasar tasu ce ta fi tuddai.

Ɓaɓura ita ba ta cikin lissafin duwatsu. Gari ne na noman gero da gyaɗa da riɗi da wake, yana da babban asibiti, yana kan hanyar da ta fito daga Kano ta nufi Baban Mutum da kuma Magarya ta ƙasar Nijar, saboda haka fatauci da motsi. Wanda aikinsa ya tsaya a Ɓaɓura ya zauna can, ba shi da abin nema a gindin dutse. Amma wanda zai riƙa zuwa Roni da Gwiwa, in ya sauka Ɓaɓura ya sa kansa a ƙarshen igiya, kullum sai ya ratsa ƙasar Kazaure kafin ya fara aiki.

To, ga hukuncina. Mai zagaya garuruwan nan huɗu, mai iyali da ƙananan yara, ya sauka Kazaure, don ita ce ke tsakani, Roni da Gwiwa a hannunsa ɗaya, hanyar Ɓaɓura a ɗaya hannun, ga asibiti kusa in dare ya yi. Ya haƙura da tsadar haya, ya nemi ɗaki a unguwar da 'yan garuwa suka yaba, ko da ba a hango dutse ta taga. Amma malamin da aka ba aji ɗaya a Roni ko Gwiwa, shi ba na ba shi shawarar ya zauna Kazaure ya riƙa jeka-ka-dawo. Mun ga abin da wannan ɗabi'a ke haifarwa: ran da aka yi ruwa ba malami, ran da mai ya yi tsada ba malami, yaran talakawa su yini suna wasa a gindin maina. Wanda ke cin albashi da sunan gari, ya kamata ya sha ruwan garin. In ya zauna cikinsu ma shi zai fi kowa matsa wa hukuma a gyara rijiyar.

Wani ya iya cewa ai Dutse ce babban birnin jiha, can ake zuwa neman ƙarin girma da bin takardu, me ya sa ban sa ta cikin lissafi ba? Dalili shi ne daga duk garuruwan nan Kano ta fi Dutse kusa, kuma tafiyar Dutse ta wata-wata ce, tulu kuwa na kullum ne. Ba a zaɓen gida don tafiyar da ake yi sau ɗaya a wata.

Abu na ƙarshe, kada a yi gaggawar sayen fili. Baƙo ko da ido makaho ne. A yi haya shekara guda cur, a ga bazara a ga damina a wurin, sa'an nan a yi maganar gini. In lokacin saye ya yi, a bi ta hannun mai unguwa da dagaci, a kira maƙwabtan filin na kusurwa huɗu su tsaya a kan iyaka, a rubuta takarda da shaidu, a kuma kai ta ofishin da ke kula da filaye, domin tun dokar ƙasa ta 1978 cinikin baka kaɗai ba ya kare mutum in gardama ta tashi. A ƙasar duwatsu kuma, kafin a biya, a sa mai haƙa ya gwada wurin tushen gini da wurin masai, kada a sayi fili a tarar fā aka saya.

Ina roƙon masu karatu na Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, waɗanda suka san unguwanninsu ciki da bai, su rubuto wa Edita su faɗi inda rijiya ke kai bazara da inda rafi ke yanke hanya, don baƙin da ke tafe su amfana. Allah ya ba kowa masauki na alheri, amin.

Naku,
Akawu, Kazaure.