Wasiƙa Zuwa ga Masu Kiwon Zomo a Gida: Ku Juya Shi Ku Duba



 Na rubuto muku ne a kan wani abu da yawancinmu muke rainawa, alhali a kansa kiwon yake tsayuwa ko ya rushe, wato sanin wanne ne namiji, wacce ce mace. Mutum zai kashe kuɗi ya buga keji, ya tanadi dusa da harawa, ya tafi kasuwa ya ce a ba shi mata biyu da namiji ɗaya. Mai sayarwa ya cafko uku ya zuba masa a kwali. A yi wata huɗu ana ciyarwa, ba ciki ba alamarsa, sai faɗa da tsigar gashi. Ranar da aka samu wanda ya iya dubawa, sai a tarar duka ukun maza ne. Ba kullum ne mai sayarwa yake ha'inci ba, sau da yawa shi ma abin da aka gaya masa ne ya gaya muku. Gani ya kori ji. Kada kuɗinku ya bar hannunku sai kun juya zomon kun duba da idonku.

Mu fara da kamu, domin a nan ake fara ɓarna. Don Allah a daina ɗaga zomo ta kunne. Kunnen nan cike yake da jijiyoyin jini, da shi yake fitar da zafin jikinsa, ba mariƙi ba ne. Ƙashin zomo kuma ba shi da kauri, amma ƙafafunsa na baya suna da ƙarfi ƙwarai. In aka bar shi yana reto ya yi harbi ɗaya mai ƙarfi, yana iya karya ƙashin bayansa, ya wayi gari yana jan gindi, kuma galibi wannan ba ya warkewa. Ku riƙe fatar kafaɗarsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya tallafi ƙugunsa ya ɗauki nauyin. Ku zauna a kan tabarma ko 'yar kujera, ku kwantar da shi rigingine a cinyarku, kansa wajen cikinku. In ya ƙwace, faɗuwar ba nisa. A yi a wuri mai haske, da safe kafin rana ta yi zafi, kuma a gama da wuri, domin shirun da yake yi in an kwantar da shi haka tsoro ne.

To, ga dubawar. A ƙarƙashin wutsiya akwai ƙofa biyu kusa da juna. Wadda ta fi kusa da wutsiya dubura ce, ba ita muke nema ba. Ta gabanta, wajen ciki, ita ce al'aura. Ku sa wutsiyar tsakanin yatsu biyu ku ja ta baya kaɗan, sannan ku ɗora babban yatsa a gaban al'aurar ku danna a hankali. In namiji ne, wani ɗan bututu zai ɓullo, zagayayye ta kowane gefe, da ƙaramar huda a tsakiyarsa, kuma yana tsaye shi kaɗai, bai haɗe da dubura ba. In mace ce, abin da zai fito tsaga ce a tsaye, irin tsagar ƙwallon dabino: gabanta ya ɗan taso, bayanta ya gangara har kusa da dubura. Abin da za ku tambayi kanku ke nan, huda ce ko tsaga, kuma ta tsaya ita kaɗai ko ta gangara baya.

Wurin da mutane suke ruɗewa shi ne, al'aurar ƙaramar mace ita ma tana tasowa in an danna da ƙarfi, sai a ce namiji ne. Namiji ƙarami kuma in ba a danna yadda ya kamata ba, bututun ba zai fito ba, sai a ce mace ce. Bayan haka akwai wasu 'yan aljihuna biyu a gefe da gefen al'aura, marasa gashi, masu tara wani maiƙo mai wari. Maza da mata duka suna da su, kada a ɗauke su shaida. Akan kuma samu namijin da aka haifa da tsagaggen gaba, yana ƙarami ya yi kama da mace sak. Irin wannan in ya bayyana a kiwata shi don tukunya, kada a bar shi ya yi barbara, don ana gadon abin.

Wasu za su ce ai sai a duba maraina, a huta. Gaskiya ne a babban namiji ana ganinsu, dogaye biyu marasa gashi sosai, a gefe da gefe, ɗan gaba da al'aura. Amma ba sa sauka sai zomo ya kai wajen mako 10 zuwa 12, wani ma ya wuce haka. Ko bayan sun sauka, zomo yana iya janye su ya mayar cikin ciki in ya tsorata, kuma wanda aka cafko a tsakiyar hayaniyar kasuwa a tsorace yake. Saboda haka ganin maraina hujja ce, rashin ganinsu ba hujja ba ce. Haka sauran alamomin da ake faɗa. Wai namiji ya fi faɗin kai, mace tana da tattarar fata a ƙarƙashin haɓa. Akan dace a manya, amma namiji mai ƙiba shi ma yana yin tattarar, mace budurwa kuma ba ta yi ba tukuna. Wanda ya fi kowanne yaudara shi ne hawa. Kun ga wannan ya hau wancan, kun yanke hukunci. Mace tana hawan mace don nuna ita ce babba a kejin, namiji ma yana hawan namiji. Har ma macen da 'yar'uwarta ta hau tana iya yin cikin ƙarya, ta tara ciyawa ta tsige gashin ƙirjinta wajen kwana 16 zuwa 18, ku yi ta jiran haihuwar da ba za ta zo ba.

Shawarata ita ce a duba sau biyu. Na farko ranar yaye, suna da mako 5 zuwa 6. Gwanaye suna iya ganewa tun suna jarirai, amma mai koyo kada ya wahalar da kansa da su. In kuna shakka, ku ɗauko biyu daga ciki ɗaya ku duba su a jere, bambancin yakan fito fili in an gwama. Na biyu kuma suna da wata 3, lokacin da komai ya bayyana. Wanda aka yi kuskurensa a duban farko, a nan ake kama shi kafin ya yi ɓarna. Tun daga yaye a ware maza gefe, mata gefe, a ɗiga musu alama a cikin kunne da maka.

Me ya sa nake matsawa a kan rabuwar nan? Domin zomanya ba ta da lokacin da za a ce ba ta ɗaukar ciki. Ba kamar akuya ko tunkiya ba ce da ake jiran ta nemi namiji. Ita barbarar ce take sa ta saki ƙwai, sa'o'i kamar 10 bayan an hau ta. Tana iya ɗaukar wani cikin washegarin ranar da ta haihu. In kun bar namiji yana kwana da ita, za ta yi ta shayarwa da ciki, ta haihu a kan 'ya'yan da ba a yaye ba, ta rame, nono ya ƙafe, kafin shekara ta zagayo ta ƙare. 'Yan matan kuma, namiji ɗaya da ya ɓuya a cikinsu ya isa ya yi musu ciki suna da wata 4, jikinsu bai gama ginuwa ba. Su haifi biyu ko uku a kan wayar keji, su ƙi shayarwa, su ma girmansu ya tsaya. Kuma ɗan'uwansu ne ciki ɗaya, in aka yi ta maimaita haka iri yana lalacewa, 'ya'ya su riƙa fitowa ƙanana marasa ƙwari. Su mazan, da zarar sun balaga ba sa zama keji ɗaya lafiya, kuma in suna faɗa maraina suke nema su ciza. Namijin da za a ajiye, a ba shi ɗakinsa shi kaɗai.

Irin da muka fi samu a nan, fararen nan masu jan ido da ake kira New Zealand, da California masu baƙin hanci da kunne, da Chinchilla masu ruwan toka, da gaurayensu, a bar macen ta kai wata 5 zuwa 6 kafin a haɗa ta, namijin ya kai 6. Namiji ɗaya ya ishi mata 8 zuwa 10, don haka mai mata uku da yake ciyar da maza uku hatsinsa kawai yake zubarwa. Ranar haɗi, macen ake ɗauka a kai wa namiji. In kuka kai shi ɗakinta za ta tare shi da faɗa, shi kuma ya ɓata lokaci yana shinshine-shinshine. Ku tsaya a wurin. In abin ya yiwu za ku ga ya yi ɗan gurnani ya faɗi gefe guda. Ku bari ya maimaita, sannan ku mayar da ita, ku rubuta ranar. Ciki kwana 31 ne, yakan ragu ko ya ƙaru da kwana ɗaya ko biyu. A kwana na 28 ku sa mata akwatin haihuwa da busasshiyar ciyawa. 'Ya'yan za su zo tsirara, ido a rufe, sai wajen kwana 10 su buɗe. Kada hankalinku ya tashi don ba ku ga uwar a kansu ba. Sau ɗaya ko biyu take shayar da su a yini, na 'yan mintoci, galibi da dare. Cikinsu za ku duba da safe, in ya yi tim, sun sha.

Akwai wani zalunci da ake yi wa mata a ƙasarmu, ina so a daina. Daga Maris zuwa Mayu, in an haɗa ba a samu ciki ba, sai a ce macen ta daina haihuwa, a yanka ta. Sau da yawa matsalar tana wurin namijin. Kakannin zomon gida daga ƙasar Sifen da Fotugal suke, kuma a rami suke wuni, suna fitowa da sanyin yamma. Ba jinsi ɗaya ba ne da zomon dajinmu, ba sa ma haihuwa da juna. Zomo ba ya gumi, kuma da zafi ya haura digiri 30 ya fara wahala, balle bazarar Kano ko Sakkwato ko Maraɗi da ake haura 40. Zafi yana kashe ƙwayoyin haihuwar namiji, kuma sabbi suna ɗaukar kusan mako 7 kafin su nuna. Shi ya sa ko damina ta sauka, sai a ɗan jira kafin ya dawo daidai. Ku ba namijinku wuri mafi sanyi a gidan, ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro. In rufin kwano ne a shimfiɗa masa zana ko bunu a kai, a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara ta inda iska take shigowa, ruwan sha kuma daga randa, kada ya yanke. Maganar da ake yi wai zomo ba ya shan ruwa, ganye ya ishe shi, ta kashe zomaye da yawa. Ni a ganina gara a dakatar da haɗi gaba ɗaya a tsakiyar bazara, a bar uwaye su huta.

A kan abinci ba zan tsawaita ba, kun san harawar wake da ta gyaɗa, da ganyen dankali, da zogale, da dusa. Ɗanyen ganye a bar shi ya sha iska kafin a ba su, kuma kada a sauya abinci rana ɗaya, musamman ga 'yan yaye, zawo ne yake kwashe su. Abin da zan ja kunne a kai shi ne magani. Kada a ɗauko na kaji ko na mutane a zuba musu a ruwa. Amoksisilin da danginsa na fenisilin, in zomo ya sha ta baki, suna kashe ƙwayoyin da suke narka masa abinci a hanji, ya mutu da zawo. A tambayi likitan dabbobi. Sabon zomo kuma, ko daga wurin wa ya fito, a ware shi mako biyu ko fiye kafin ya kusanci naku. A 2020 an tabbatar da ɓullar cutar nan mai sa zomaye zubar jini ta ciki a Najeriya, ta jihar Kwara, kuma tana iya share keji cikin 'yan kwanaki. Aron namiji daga gida zuwa gida hanya ce da cuta take bi. Mai neman sabon jini gara ya saya daga wurin da ya yarda da shi, ko ya tuntuɓi cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya.

Sai zaɓen wanda zai zauna da wanda zai tafi, kuma a nan ne duban wata 3 yake biyan ku wahalarku. Kusan rabin kowane ciki maza ne, su ne naman gidan da kuɗin kasuwa. In sun kai kilo 2, wanda a yanayinmu yakan ɗauki wata 3 zuwa 4 ko fiye, a yanka ko a sayar, domin daga nan cin nasu ya fi ƙaruwarsu. Bayan fiɗa, kusan rabin nauyin ne nama, fari, marar kitse sosai. In wani ya yi muku tantama a kan halaccinsa, hadisin Anas yana cikin Buhari da Muslim, inda Abu Ɗalha ya yanka zomo ya aika wa Manzon Allah (SAW) da wani sashe nasa, ya karɓa. Matan da za ku ajiye, ku ɗauko su daga uwar da take haihuwa da yawa, take yin sheƙa mai kyau, kuma take yaye abin da ta haifa. Ba za ku san wannan ba sai da rubutu, don haka kowane keji a manna masa kwali: ranar haihuwa, uwa da uba, ranar haɗi, nawa ta haifa, nawa ta yaye. Wanda ba ya boko ya yi da ajami, ko ya sa ɗansa ɗan makaranta. In 'ya'yan namijinku mata sun isa haɗi, shi ke nan lokacin sauya shi ya yi.

In kuma ku ne masu sayarwa, ku juya zomon a gaban mai saye, ku nuna masa huda ko tsaga, ku sa shi ya danna da yatsansa. Zomon da bai kai a gane ba, ku gaya wa mai sayen bai kai ba, ya dawo bayan mako biyu.

Allah ya sa albarka a kiwonku, ya tsare muku su daga cuta da zafin bazara.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a kiwo.