Gasar zane: wace ce gayya, wace ce cuta?

Ƴan uwa matasa, musamman ku masu zane a kwamfuta da waya, yau da ku nake.

Akwai maganar da ke yawo a fadoji da gurup-gurup na WhatsApp, wai duk wata gasar zanen tambari sata ce da rana tsaka. Masu faɗin haka suna da hujja. Kowa ya san yadda abin ke tafiya. Wani kamfani ko wata ƙungiya mai proje ta fitar da afish: ana neman tambari, wanda ya ci zai samu jika 50 da takardar yabo. Mu ɗauka mutum 100 suka shiga, kowanne ya ɓata kwana 3. Kwana 300 ke nan na aikin ɗan adam, ga kuɗin forfe, ga jiran kuran, ga rashin barci, duka an saye su a kan jika 50. Mutum 99 sun tashi a tutar babu. Wani lokaci ma sai ka duba ƙasan takardar ka ga an rubuta da ƙananan haruffa cewa duk zanen da aka turo ya zama mallakar mai gasar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba mu kaɗai ke wannan kuka ba. Ƙungiyar ƙwararrun masu zane ta Amurka, AIGA, ta daɗe tana gargaɗin mambobinta kan yin aiki kyauta da fatan wataƙila a biya su daga baya. Duk da haka abin bai tsaya ba, har ma ya zama kasuwa. Kamfanin 99designs da aka kafa a Ostireliya a 2008 a kan wannan tsarin ya tashi: mai buƙata ya sa kuɗi, masu zane su yi ta rububi, ɗaya ya ɗauka.

To amma ni ban yarda a yi wa dukan gasa kuɗin goro ba. Akwai wata iri da nake so mu sani, mu shiga, kuma mu mai da ƙa'idojinta ma'aunin da za mu riƙa auna sauran da shi. Ita ce gasar da ake yi a ayyukan manhaja mai ƴanci, abin da masu Faransanci ke kira logiciel libre.

Manhaja mai ƴanci ita ce wadda aka bar tushenta a buɗe. Kowa na da damar ya yi aiki da ita, ya duba yadda aka ƙera ta, ya gyara, ya raba wa wasu, kuma doka ce ta ba shi wannan damar ta hanyar lasisi. Linux, Firefox, VLC da da yawanmu ke kallon fim da shi, LibreOffice, GIMP, Inkscape, Krita, duk daga wannan gidan suke. Da yawa daga cikin masu yin su ƴan sa kai ne da ke warwatse a duniya. In suna buƙatar tambari, ko hoton bangon allo, ko hoton da ke fitowa in an buɗe manhajar, sau da yawa sai su kira jama'arsu su ce kowa ya kawo nasa.

Wani zai ce, to ai duk ɗaya ne, nan ma aikin kyauta ne. Ba ɗaya ba ne. Wanda ya tashi a karkara ko ya taɓa zuwa hutun damina ƙauye ya san bambancin gayya da ƙwadago. A gayya ba a biyan ka, amma ba a cuce ka ba, don gobe in taka ta taso za a zo maka. In kuwa mai gandu ya tara mutum ɗari suka nome masa gona, ya biya ɗaya, ya kwashe hatsin ya kulle a rumbunsa, wannan ba gayya ba ce ko da ya kira ta haka. Tambayar ita ce: bayan an gama aikin, rumbun wa amfanin zai shiga?

Ku dubi labarin Tux, tsuntsun nan fengwin mai ƙiba da ya zama alamar Linux. Larry Ewing ne ya zana shi a 1996 da manhajar GIMP. An yi gasar neman tambarin Linux a wancan lokaci, kuma Tux bai ci ba. Amma da yake mai shi ya bar wa kowa damar amfani da shi, da sharaɗi ɗaya kawai, in an tambaya a ambaci sunansa da GIMP, sai jama'a suka ɗauke shi. Yau shi duniya ta sani, zanen da ya ci gasar kuwa ba kowa ke tuna shi ba. A gasar kamfani, zanen da ya faɗi ko dai ya mutu a cikin kwamfutarka, ko ka gan shi bayan wata shida a jikin motar wani an ɗan sauya masa launi. A nan kuwa zanen da ya faɗi yana nan da sunan mai shi, kowa na iya ɗauka, kuma ba wanda zai kulle shi ya ce nasa ne shi kaɗai.

Ku dubi Debian, ɗaya daga cikin tsofaffin tsare-tsaren Linux, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993. Kusan duk shekara biyu suke fitar da sabon zubi, kuma kafin kowanne sai su yi shela: wa ke da zanen da zai zama fuskar wannan zubin? Ana baza zane-zanen a fili kowa ya gani, a ji ra'ayin jama'a, sannan a zaɓa. Wata mai zane, Juliette Taka, nata aka ɗauka a zubi na 8 a 2015, da na 9 a 2017, da na 11 a 2021, da na 12 a 2023. Ba wani babban kamfanin talla aka ɗauko ba. Mutum ɗaya ce da aikinta, kuma zanenta ya hau allon kwamfutoci a jami'o'i da ofisoshi da gidaje a ko'ina cikin duniya, da sunanta a rubuce. Wace takardar yabo ce za ta yi wa mai zane wannan shaidar?

Inkscape, manhajar da ake zana tambari da afish da ita, tana da tata al'adar. In za a fitar da babban zubi, sai a buɗe gasar hoton da zai zauna a shafin bayanin manhajar. Sharaɗi shi ne a yi zanen da Inkscape ɗin kanta, kuma a sake shi da lasisi mai ƴanci, yadda wani zai iya buɗe fayil ɗin ya ga yadda aka haɗa kowane layi da kowace inuwa. Ke nan gasar ita kanta makaranta ce. Jama'a su jefa ƙuri'a su fitar da na gaba-gaba, sannan masu aikin manhajar su zaɓi ɗaya daga ciki. KDE kuma ta sha ba da kwamfuta ga wanda ya ci gasar hoton bango na Plasma. In akwai abin bayarwa, ana bayarwa.

Kada ku ɗauka ina cewa komai lafiya lau ne a can. Akwai matsaloli uku da ba zan rufe ba.

Ta farko, ƙuri'ar jama'a ba kullum take zaɓen abin da ya fi kyau ba. Mun san wannan a gida: wanda ya fi yawan abokai a Facebook shi ke cin gasar da aka ce a danna. A 2017 LibreOffice ta buɗe gasar neman wata halitta da za ta zama alamarta. Zane-zane suka shigo da yawa, aka tace, aka buɗe zaɓe ga kowa, sai rigima ta tashi kan yadda aka yi tacewar da yadda zaɓen ya gudana. Ƙarshenta aka rufe maganar ba a ɗauki ko ɗaya ba. Mutanen da suka ɓata lokacinsu ba su ji daɗi ba, kuma suna da gaskiya. Niyya mai kyau ba ta wadatar ba in ƙa'ida ba ta fito fili tun farko.

Ta biyu, gasa tana iya ba ka hoto mai kyau, amma ba ta iya gyara manhajar da ke wahalar da mai amfani da ita. Inda za a sa maɓalli, yadda wanda bai yi lakkwal sosai ba zai gane abin da zai danna, yadda mai raunin gani zai karanta rubutu, wannan aiki ne na wata da watanni, na zama da mutane da gwaji da gyara. Ba a yin sa a mako biyu don neman kyauta. Aikin da ya mai da masu zane ƴan kwalliya kawai, a kira su ranar biki a manta da su, bai yi musu adalci ba ko da lasisinsa mai ƴanci ne.

Ta uku ita ta fi damuna, don ta shafe mu kai tsaye. Aikin sa kai sai mai sarari. Wanda ke da albashi, da wutar da ba ta ɗaukewa, da intanet a gida, shi ke da ikon ba da mako guda kyauta. Matashin Maradi ko Tawa da ke zana katin biki a waya don ya samu na abinci ba shi da wannan sararin. Shi ya sa ƙofar take a buɗe ga kowa, amma masu shiga galibi daga wuri ɗaya suke fitowa. Kuma rashin wasu a wurin yana da sakamako. Tambarin Wikipedia, dunƙulen duniyar nan mai haruffa, daga gasar jama'a ya fito a 2003, Paul Stansifer ya kawo shi, wani ya ƙara gyara shi. An yi shekaru ana amfani da shi da kuskure a harafin Hindi da na Japananci, sai a 2010 aka fitar da sabo da aka gyara. Dubban idanu sun kalle shi, amma idon da zai ga kuskuren bai kasance a wurin yanke shawara ba.

Mu fa? Sau nawa kuka rubuta ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a cikin wani salon rubutu mai kyau, harafin ya koma ɗan akwati, ko ya fito daban da ƴan uwansa kamar baƙo a gidan biki? Mai zanen da ke Jamus ko Barazil ba mugunta ya yi mana ba. Bai san harafin ba ne, kuma ba wanda ya gaya masa. A manhajar kamfani sai dai mu yi ta jira. A manhaja mai ƴanci muna iya shiga mu nuna, mu kawo gyaran da hannunmu. In ba mu je ba, wa zai je mana?

Saboda haka ga matsayina. Ban ce kowa ya bar sana'arsa ya koma aikin kyauta ba. Wanda zane ne cinsa da shansa, ya fara da mai biyansa. Amma wanda ke koyo, ko ɗalibi, ko mai diflom da ke zaune yana jiran aiki, in yana da kwana uku da zai bayar, gara ya ba da su inda sunansa zai zauna kuma aikinsa zai amfani kowa. A fada ɗaya ana iya haɗa kai: mai kwamfuta ya kawo, mai Ingilishi ya karanta ƙa'idojin, mai hannu ya zana. Manhajojin kyauta ne, ba sai an nemi Photoshop na sata da ke shigo da ƙwayar cuta ba. Kuma in za ku shiga, ku shiga da aiki, ba da neman tausayi ba. Muna da abin ɗauka: zanen bangon gidajen Birni a Damagaram, aikin dukawa, ɗinkin aska takwas, saƙar faifai. Amma ba a liƙa raƙumi a tsakiyar allo a ce an gama. Hoton bango yana son natsuwa, don mutum zai kalle shi awa takwas yana aiki. Ku karanta sharuɗɗa, ku dubi waɗanda suka ci a baya, ku karɓi gyara.

Sannan kowace gasa aka kawo muku, ta waje ko ta gida, ku yi mata tambayoyi biyar. Bayan an gama, zanen na wa ne? Waɗanda ba su ci ba, aikinsu ya koma hannunsu ko an riƙe? Su wa ke zaɓe, kuma an faɗi sunayensu da ma'auninsu tun farko? Za a rubuta sunan mai zanen a inda ake amfani da shi? Mai gasar zai ci riba da zanen, kuma in zai ci, me ya hana shi ɗaukar mutum ɗaya ya biya shi haƙƙinsa? Gasar da ta kasa amsa waɗannan, ku bar musu kayansu, kuma ku faɗa wa na kusa da ku dalili.

Maganar ƙarshe ga ƙungiyoyinmu na farar hula, har da wannan da kuke karanta shafinta. Ba zai yiwu mu yi ta kiran adalci a titi, mu kuma riƙa cin gumin ƙannenmu da sunan ba su dama ba. In akwai kuɗin zauren otel da na lemo da na kyallen talla, akwai kuɗin mai zane. In kuwa da gaske babu, to a yi gayya ta gaskiya: ƙa'ida a fili, alƙalai a fili, suna a jikin aiki, kuma abin da aka samu ya zama na kowa.

Masu zane, ku faɗa mana a ƙasa irin sharuɗɗan da aka taɓa gindaya muku a gasa, ba sai kun kama suna ba. Mu tattara su, mu fitar da ƙa'idar da za mu riƙa miƙa wa duk mai shirya gasa a garuruwanmu. Allah ya sa albarka a hannuwanku.