Jirgin da aka ƙera a gida: ranar tashin farko

Makanikin da ya gyara babbar mota yakan zagaya gari da ita don gwaji. In inji ya mutu, sai ya raɓa gefen hanya ya buɗe bone. Wanda ya ƙera jirgin sama a garejin gidansa ba shi da wannan gata, domin sama ba ta da gefen hanya.

Ƙera ƙaramin jirgi a gida ba sabon abu ba ne a ƙasashen Turawa. Tun a 1934 wani Bafaranshe, Henri Mignet, ya wallafa littafi mai koya wa kowa yadda zai haɗa jirginsa da katako da injin babur. An san jirgin da suna Pou-du-Ciel, wato kwarkwatar sama. Jama'a suka rungumi abin, har mutuwa ta fara ɗaukar matuƙa a 1935 da 1936. Bincike ya gano cewa in jirgin ya sunkuyar da kai ya wuce wani mizani, ba ya sake ɗagowa. Hukumomin Faransa suka hana shi tashi, sai da aka gyara tsarin fikafikansa.

A Amurka doka ta yarda mutum ya ƙera jirginsa, muddin shi ya yi mafi yawan aikin da hannunsa. Kafin ya ɗauki fasinja, wajibi ne ya yi gwaji, galibi na awa 25 ko 40, gwargwadon irin injin. Hukumar binciken haɗura ta ƙasar, NTSB, ta fitar da rahoto a 2012. A cewarsa, irin waɗannan jirage kusan kashi 10 cikin 100 ne na ƙananan jiragen ƙasar, amma a 2011 su ne suka yi kashi 21 cikin 100 na haɗuran da aka rasa rai. Daga cikin jirage 102 da suka yi haɗari a hannun waɗanda suka ƙera su, 10 a tashinsu na farko ne abin ya faru.

Sanadin ba wani abin al'ajabi ba ne. Sau da yawa inji ne ke mutuwa jim kaɗan bayan tashi, don mai bai isa gare shi yadda ya kamata ba: bututu ya toshe da ɗan datti, ko ba a auna gudun man ba sa'ad da jirgi ya ɗaga hanci. Wani lokaci nauyi ne bai daidaita tsakanin gaba da baya ba. Amma babban aibi yana wurin mutum. Wanda ya shekara biyar yana fafatawa da ƙusa da guduma, galibi hannunsa ya yi sanyi a tuƙi, ga shi kuma ba ya son wani ya riga shi hawa abin da ya ƙera. In inji ya tsaya, ƙwararren matuƙi zai saukar da jirgin a gona ko da zai lalace. Mai jirgi kuwa sai ya yi ƙoƙarin juyowa fili don ya ceci guminsa, a nan ne jirgi ke rasa iska ya faɗo.

Sayen na hannu ma ba tsira ba ne. Mawaƙin Amurka John Denver ya rasu ranar 12 ga Oktoba 1997 a tekun Kalifoniya, cikin jirgin Long-EZ da wani ya ƙera, wanda bai daɗe da saye ba. Maƙerin ya sa makunnin sauya tankin mai a bayan kafaɗar hagu ta matuƙi, ba inda zanen asali ya nuna ba. Masu bincike sun ɗauka cewa a wajen juyawa don kai hannu gare shi ne jirgin ya kuɓuce masa.

Daga 2014 hukumar jiragen saman Amurka ta ba da izini ƙwararren matuƙi ya zauna kusa da maƙeri a lokacin gwaji, abin da a da ba a cika yarda da shi ba.