Nineba ɗinmu tana Kachalla Sembe

'Yan'uwa ɗalibai, yau zan taɓa inda ke ciwo. Mai fushi ya yi.

Duk hutu, zumuntocinmu na ɗalibai Kirista a Jalingo sai an tara baiko, a ɗauki hayar bas, a tafi bishara Gembu ko ƙauyukan bayan Zing, a dawo a cika mana Facebook da hotuna. Madalla. Amma ka ce a shiga nan Kachalla Sembe, kuɗin keke kawai, a duba tsohuwar da ruwan damina ya rushe wa ɗaki, ko a koya wa yaran unguwa karatu ran Asabar, nan take kowa ya zama mai ruhaniya. "Bari mu sa abin a addu'a." "Ni ban ji kira ba tukuna." Haba! Kiran Gembu ya iso cikin dare ɗaya, na cikin gari kuma babu sabis?

Mu daina rufa-rufa. Cikin gidajen da za mu yi wa sallama akwai na Musulmi, akwai na Fulani. Abin da ya ɗaure mana ƙafa ke nan.

Ku koma littafin Yunusa, sura huɗu ne kacal. A makarantar Lahadi kifin kawai aka nuna mana, har muka ɗauka tsoro ne ya kori mutumin zuwa Tarshish. A sura ta huɗu shi da bakinsa ya tona kansa: ya gudu ne don ya san Allah mai jinƙai ne, zai iya yafe wa Nineba, shi kuwa ba ya so a yafe. Nineba birnin Assuriyawa ne, kusa da Mosul ta Iraƙi a yau, mutanen da daga baya suka ci Samariya da yaƙi. Yana da dalilin ƙinsu. Duk da haka Allah ya titsiye shi: yana baƙin ciki don tsiron da ya yi masa inuwa ya bushe, amma rayuka fiye da 120,000 ko a jikinsa.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa: 2019, rikicin Kona da Fulani, gidajen da aka ƙone, gudun hijira, dokar hana fita. Wanda ya binne nasa, ba zan koya masa yadda ake yafiya ba, ba ni da wannan bakin. Amma yawancin masu ɗaga murya a cikinmu ba su binne kowa ba, aron ciwon wasu suke don su fake. Yarinyar da aka haifa a shekarar rikicin kuma, gidan wa ta ƙona?

Muna tinƙaho da Johanna Veenstra, wadda ta baro Amurka ta zauna a Lupwe kusa da Takum, ta rasu a ƙasar nan a 1933. Da ta jira sai ranar da take jin daɗin mutanen da za ta je wa, wane asibiti, wace makaranta za mu gada?

Kuma kar mu je da tarko. Buhun masara da ake miƙawa da sharaɗin zuwa coci ciniki ne, su ma masu karɓa ba wawaye ba ne. Basamariyen nan ya ɗaure raunin, ya biya kuɗin masauki, ya kama hanyarsa.

Shugabannin zumunta, kafin ku biya kuɗin bas na hutu mai zuwa, ku je wurin mai unguwa ku tambaye shi gidaje nawa ne ruwa ya ci bara. Yana da sunayensu.