Motar rimot mai shan fetur: in ta hannu ce, a kwance ta kafin a ja igiya

Duk mai yawan leƙa YouTube ko TikTok zai iya cin karo da bidiyon wasu motocin rimot masu ƙara kamar babur, suna tayar da ƙura suna tsallake tudu. Ba irin waɗanda ake saya wa yara da sallah ba ne. Girmansu kashi ɗaya cikin biyar ne na motar gaske, fetur suke sha, kuma kuɗin sabuwa kan sa mai sha'awa ya rufe shafin ya yi shiru. Shi ya sa da yawa ke komawa ga ta hannu, wadda ake samu a eBay ko Facebook Marketplace daga Amurka, Ingila da Jamus, inda wannan wasa ya fi kafuwa.

Sayen ta hannu dabara ce mai kyau, amma da sharaɗi guda. Ranar da kwalin ya iso, kada a zuba mai, kada a ja igiya. A kwance motar, a wanke, a duba, a sake haɗawa. Wanda ba shi da haƙurin wannan aiki gara ya riƙe kuɗinsa, domin zai iya kashe inji cikin minti goma, ko ya karya ƙafar wani.

Wace irin mota ce wannan?

Misalin da ya fi shahara shi ne Baja 5B ta kamfanin HPI, wadda ta fito a 2006. Tsawonta ya kai kusan santimita 80, nauyinta kusan kilo 10, tana ja da tayoyin baya, kuma ta zo da inji mai girman cc 23. A fili mai kyau takan wuce kilomita 50 a awa. Bayanta kamfanin Losi ya fitar da 5IVE-T mai ja da taya huɗu, wadda ta fi ta nauyi sosai. Kamfanonin Sin irin su Rovan da King Motor kuma sun kwaikwayi tsarin Baja suna sayarwa da rahusa.

Injin da ke cikinsu ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa amfani da ƙaramin janareton nan da ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Dangi ɗaya ne da shi, da injin yankan itace da na yankan ciyawa. Ba shi da ma'ajiyar baƙin mai ta daban, man da aka gauraya cikin fetur shi kaɗai ke shafe fistin da boris. Bambancin yana wajen gudu. Janareton yana juyi kusan 3,000 a minti, injin motar kuwa yakan haura 12,000. Kuskuren da janareto zai jure wata da watanni, wannan inji ba zai jure shi na yini ɗaya ba.

Mai sayen wayar hannu ya san yadda ake yi: a duba lafiyar batir a saituna, a gwada kyamara da sifika, a tabbatar ba a kulle ta da asusun wani ba. Motar rimot ba ta da shafin da zai nuna lafiyarta. Mai sayarwa zai rubuta cewa tana tashi, kuma wataƙila gaskiya ya faɗa, sai dai tana iya yiwuwa shekara uku ke nan rabon da ya tayar da ita. Abin da ya same ta a ajiye, sai an buɗe ake gani.

Wanki da kansa bincike ne

Kafin a kwance noti ko ɗaya, wayar da ke hannu ita ce kayan aiki na farko. A ɗauki hoton motar ta kowane ɓangare, a ci gaba da ɗauka a kowane mataki. A sauko da littafin jagorar motar daga intanet, domin yana ɗauke da zanen da ke nuna kowane sashe da lambarsa da inda yake shiga. Kusoshin kowane ɓangare a zuba su a leda daban, a rubuta suna a jiki. Kusoshin sun yi kama da juna, amma doguwa a ramin gajeriya tana iya fasa roba.

Sai a cire kayan lantarki: batir, akwatin karɓar saƙon rimot, da ƙananan injinan da ke juya sitiyari da jan totur, waɗanda ake kira sarbo. A toshe bakin kafireta da tsumma mai tsabta. Bayan haka ne za a kankare busasshen taɓo da buroshi. Kai motar wajen masu wankin mota su feshe ta da ruwa mai ƙarfi kuskure ne, domin ruwan yana kutsawa cikin boris ya kori giris, bayan mako biyu tsatsa ta kama. Sassan roba ruwan ɗumi da sabulu sun ishe su. Na ƙarfe masu maiƙo a jiƙa su a kananzir, a goge, a busar. Wanki da fetur a cikin ɗaki wasa da wuta ne.

Wannan aiki ba don kwalliya ake yinsa ba. Datti yana ɓoye tsagewar hannun taya, da lanƙwasar farantin ƙasa, da wurin da mai ke tsiyaya. Inda ƙura ta manne ta yi baƙi a jikin inji, a nan gaskit ko sil ke yoyo. Mai wanke motarsa da hannunsa yana gamawa da jerin abubuwan da zai saya, kuma jerin ya fi na mai sayarwa gaskiya.

Abin da ke kashe inji

Abu biyu ne suka fi kashe irin wannan inji: ƙura da ƙarancin mai. Matatar iskarsa soso ce da ake shafa wa mai na musamman don ya kama ƙura. In soson ya bushe ko ya fara marmashewa, yashi na wucewa kai tsaye ya kankare fistin da bangon silinda. A wanke shi, a bar shi ya bushe sarai, a shafa man, a matse rarar. In ya tsufa a canza, domin yana cikin sassa mafi araha a jikin motar. Wanda zai tuƙa ta a busasshen fili lokacin hunturu, wankin soson zai zame masa aikin kowace fita.

Ana iya ganin halin da fistin ke ciki ba tare da an buɗe injin duka ba. A cire salansa, a haska tocilan waya ta ramin hayaƙi, a ja igiya a hankali. Fistin mai santsi alama ce mai kyau. In akwai layuka a tsaye kamar an karce shi da ƙusa, sai an sayi sabon fistin da ringi, wani lokaci har da silinda. Fulogi ma yana ba da labari: kalar shayi da madara na nuna cakuda ta yi daidai, baƙi mai danshi na nuna mai ya yi yawa, fari fat kuma na nuna injin ya daɗe yana aiki cikin ƙishirwa da zafi.

Kafiretar yawancin waɗannan motoci ƙirar Walbro ce. A cikinta akwai siraran fatun roba da ke tura mai, kuma tsohon fetur da ya kwana watanni yana sa su ƙandare, ya toshe ƙananan ramuka da wani abu kamar ƙaro. Ana sayar da fatun da gaskit ɗinsu a ƙunshi ɗaya. Tiyon mai da ya yi tauri, da ƙwallon robar da ake dannawa don jawo mai, da matatar da ke cikin tanki, duk a canza su lokaci guda. Allurai biyu na kafireta, masu alamar L da H, a mayar da su yadda littafin ya ce, domin ba a san me tsohon mai ita ya murɗa ba. In iska na shiga ta wani gaskit da ya sassauta, cakuda takan yi ƙaranci, injin ya yi ta ihu kamar ya ƙara ƙarfi, daga nan fistin ya kama.

Batun cakuda ba na kintace ba ne. Ma'aunin da aka saba bayarwa ga waɗannan injina shi ne kashi 25 na fetur ga kashi 1 na mai, wato mililita 40 a kowace lita. Sirinji ko kofin awo ya wadatar. Man kuma ya zama na irin wannan inji, wanda ake rubuta 2T a jikinsa. Baƙin man mota da wasu ke tsiyaya wa janareto da ido ba a yi shi don ya ƙone tare da fetur ba, gawayi yake tarawa har ringi ya manne.

Daga inji sai ƙafafu. Kuloci da birki a duba ko sun cinye. Kowane boris a juya shi da yatsa, wanda ke gurzawa a yar. Haƙoran giya in sun yi tsini sun gama aiki. Akwatin giyar da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin baya a buɗe shi a sa sabon mai, haka shokozoba. Kusoshin da ke shiga ƙarfe a ɗiga musu shuɗin gam na riƙe kusa, domin girgizar injin tana kwance su, amma kada a sa wa masu shiga roba.

Inda hatsarin yake

Wannan ne sashen da bai kamata a yi masa rowa ba. Injin yana samar da wutar fulogi da kansa, ba ya buƙatar batir. Batirin da ke cikin motar na sarbo ne da na'urar karɓar saƙo kawai. Ma'ana, in batirin ya mutu ana tsaka da gudu, sitiyari da birki sun tafi, injin kuma yana nan da ransa, totur a inda aka bar shi. Kilo 10 na ƙarfe da roba a gudun babur, babu mai riƙe da ita, a filin da yara ke ƙwallo.

Don haka tsohon batir a canza shi ko da yana ɗaukar caji. In motar ta zo da tsohon rimot mai dogon eriya, a koma na zamani mai 2.4GHz, a saita shi ya taka birki in saƙo ya yanke. Wannan saiti ba ya aiki in batir ne ya mutu, saboda haka a tabbatar sifirin da ke mayar da totur baya yana nan da ƙarfinsa, a kuma sa na'urar da ke kashe inji daga nesa, wadda ke yanke wutar fulogi da zarar saƙo ko batir ya ɗauke. Tashin farko a yi shi motar na kan bulo, tayoyi ba sa taɓa ƙasa, kuma a waje. Hayaƙinta yana ɗauke da gubar da ke cikin hayaƙin janareto.

Masu cewa wahalar ba ta biya

Akwai masu ganin duk wannan ɓata lokaci ne, tunda da kuɗin ta hannu da na sassa da na dako da kwastan ana iya sayen sabuwar Rovan. Wani lokaci lissafinsu daidai ne. Motar da cikin injinta ya tsage, ko wadda aka daina ƙera sassanta, ba ta cancanci kwabo ba, kuma araha ba ta ado. Shi ya sa kafin a biya ya kamata a nemi hoton fistin ta ramin hayaƙi da bidiyon tashin injin, a kuma bincika ko ana samun sassan samfurin. Sai dai sabuwar ma ba ta kuɓutar da mai ita daga sukudireba, domin masu wannan wasa sukan bi kusoshinta ɗaya bayan ɗaya kafin fitar farko. Yawan masu kwaikwayon Baja kuma alheri ne ga mai tsohuwa, tunda yawancin sassansu suna shiga jikinta.

Wasu kuma za su ce ta lantarki ta fi, kuma suna da hujja. Ba ta da hayaƙi, ƙararta kaɗan ce, tashinta ya fi sauri, ba ruwanta da kafireta. Mai son ya caja batir ya fita wasa kawai, ita ta dace da shi, musamman in maƙwabta na kusa. Mai fetur tana da nata amfanin: tanki ɗaya yakan yi sama da rabin awa, a cika a ci gaba ba jiran wuta.

Amfanin da ya fi wannan girma yana cikin gyaran kansa. Wayar da ke aljihun matashi an manne ta da gam, batirinta ma ba ya fita sai da zafi da kayan aiki na musamman, har ta kai Tarayyar Turai ta amince da dokar haƙƙin gyara a 2024 don tilasta wa kamfanoni sauƙaƙa gyaran wasu kayayyaki. Motar rimot mai fetur kuwa komai nata da kusa aka ɗaure shi, kowane sashe na da lamba, littafinta na nuna yadda ake kwancewa. Wanda ya kwance ta ya haɗa ya koyi karanta fulogi, da saita kafireta, da gane ƙarar injin da ke ƙishirwa. Ilimin yana aiki a kan janareton gida da injin yankan ciyawa, kuma yana sa mutum ya fahimci abin da bakanike ke faɗa masa game da babur.

Mai shirin saye ya ware wani kaso na kuɗinsa tun farko don soso, fulogi, fatun kafireta, tiyo, boris, batir da na'urar kashe inji, ya kuma ware ƙarshen mako biyu ko uku na aiki. In kuɗin bai kai ga waɗannan ba, to bai kai ga motar ba tukuna.