Sikila: Maganin dala miliyan 2.2 da kuma wanda aka gwada a Kano

A watan Nuwamban 2023, hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta zama ta farko a duniya da ta amince da Casgevy, maganin cutar sikila da ke amfani da fasahar gyaran ƙwayoyin halitta ta CRISPR. Amurka ta bi sahu a watan Disamba. Ana ciro ƙwayoyin da ke samar da jini daga jikin majiyyaci, a gyara su a ɗakin gwaji yadda za su koma samar da irin sinadarin jinin da jariri ke da shi tun yana ciki, sannan a mayar masa. Akasarin waɗanda aka gwada maganin a kansu sun rabu da matsanancin ciwon da ke kai su asibiti.

Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Kafin a mayar da ƙwayoyin, sai an ba majiyyaci magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji domin share ɓargonsa, abin da kan iya hana shi haihuwa, sannan ya yi makonni a asibitin da ya ƙware kan dashen ɓargo. Ga Najeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan masu sikila, inda ake ƙiyasin haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara, wannan nasara ta zama kallo daga nesa.

Binciken da ya fi shafar waɗannan yara an yi shi ne a gida, sai dai bai samu irin wancan yayatawa ba. Kusan ɗaya cikin goma na yara masu sikila kan gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin su kai shekara 20 idan ba a ɗauki mataki ba. A ƙasashe masu hali, ana gano yaron da ke cikin haɗari da na'urar auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sannan a riƙa ƙara masa jini duk wata, abin da ba zai ɗore ba a inda jinin kansa ke wahalar samu.

Don haka likitoci a asibitocin Kano da Kaduna, ciki har da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada hydroxyurea, tsohon maganin sha mai araha, a kan yara 220. Sakamakon da mujallar Lancet Haematology ta wallafa a 2022 ya nuna cewa ƙaramin awo, miligiram 10 kan kowane kilon nauyin yaro, bai bambanta da miligiram 20 ba wajen kare yaran daga shanyewar jiki, kodayake masu shan awo mafi yawa sun fi ƙarancin kwanciya asibiti.

A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwajin jini kafin aure. Mataki ne mai ma'ana, amma bai tsinana komai ga yaran da aka riga aka haifa da cutar ba. Abin da suke buƙata shi ne gwaji tun suna jarirai, na'urar awon ƙwaƙwalwa a asibitocin ƙananan hukumomi, da hydroxyurea da ba ya yankewa, waɗanda duka sun dogara ne ga kasafin kuɗin ma'aikatun lafiya na jihohi.