Kowane ɗa da layinsa: kada ku gadar da layin rumbun bayanai ta hanyar fork

Duk wanda ya san Jarwal a goman ƙarshe na Ramadan ya san otal-otal ɗin unguwar cika suke yi maƙil, saboda da ƙafa ake isa Harami. Idan kana rubuta wa wakilin alhazai manhajar kama ɗaki a can, a irin wannan cunkoso ne wani ɓoyayyen kuskure yake fitowa fili. Ra'ayina a taƙaice: layin da uwa ta buɗe zuwa rumbun bayanai, kada 'ya'yanta su taɓa shi.

Ga abin da ke faruwa. A Linux, idan shiri ya kira fork, ɗan da aka haifa yana gadar duk soket ɗin da uwar ta buɗe. Ba sabon layi ya samu ba, shi dai wancan ɗin ne. PostgreSQL kuwa a ganinta mutum ɗaya take magana da shi. Sai ma'aikata huɗu su riƙa jefa tambaya ta waya ɗaya, wannan ya ɗauke amsar wancan. Alhaji daga Katsina zai iya ganin lambar ɗakin wata Hajiya daga Maradi. Mafi muni ma, idan ɗa ɗaya ya rufe layin, ya aika wa rumbun sallama, to ya katse wa kowa har uwar. Takardun libpq kansu sun yi gargaɗi a kan haka.

Na san hujjar masu kunna --preload a Gunicorn: yana rage cin RAM, kuma kuɗin saba ba wasa ba ne. Gaskiya ne. To ku kunna, amma a cikin post_fork ku kira engine.dispose(close=False), wanda SQLAlchemy ta kawo a 1.4.33. Ɗan zai watsar da layukan gado ba tare da ya rufe su ba, ya buɗe nasa. 'Yan Django kuma, connections.close_all() kafin fork.

Wani zai ce layuka za su yi yawa, tunda PostgreSQL 100 take bari idan ba a canza ba. E, amma wannan aikin PgBouncer ne, ba dalilin raba soket ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a laptop ɗinka komai lafiya lau, domin kai kaɗai ne ke latsawa. Kafin azumi ya kama, ku ɗora wa manhajar buƙatu ɗaruruwa a lokaci guda, ku bi kowace amsa ku tabbatar ta koma wa mai ita.